Amsa: Littafin hotuna na yara kan kwalliya da son a sani

Malama, kin tambayi yadda za ki tsara littafin yarinyar da son a yaba kwalliyarta ya raba ta da ƙawarta.

Ki shirya shi a shafi 32, domin takwas-takwas maɗaba'a ke naɗe shafuka. Idan an cire shafin take da na haƙƙin mallaka, labarin zai samu kamar 28. Kalmomi kada su wuce 500.

Abin da ya fi kashe irin wannan littafi shi ne wa'azi. Kada rubutu ya ce ta cika son a sani, hoto ya nuna. Ranar Sallah ɗaurin ɗankwalinta na ƙara tsawo shafi bayan shafi, ƙawar kuma tana ja da baya zuwa gefe, ba wanda ya kalli lallen hannunta. Yaro ɗan shekara huɗu zai gane tun kafin a karanta masa. Don Allah kada kwalliyar ta zama laifi, mantawa da ƙawa ne matsalar.

Wajen bugu, mai zane ya yi aiki da CMYK (tsarin launuka huɗu na maɗaba'a), 300 dpi (ma'aunin kyawun fitar hoto, wato ɗigo 300 a kowane inci), ya bar rarar milimita 3 saboda yanka. Shuɗin atamfa mai ƙyalli a kwamfuta yakan dushe a takarda. Ki duba ƙ, ɗ da ɓ a samfurin farko, wasu nau'o'in haruffa ba su da su.