Motata Ta Fi Ƙarfina, Amma Na Kasa Rabuwa Da Ita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Kubwa, ofishinmu yana tsakiyar birnin Abuja. Tun da aka cire tallafin mai, kusan rabin albashina a tanki yake ƙarewa. Na so in sayar da motar, uwargida ta ce wa zai kai yara makaranta, kuma me dangi za su ce? Ni kaina ina jin nauyin a gan ni tsaye a bakin titi. Mene ne abin yi?
Mai karatu daga Kubwa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya buɗa mana baki ɗaya. Ka fara cire wa ranka cewa laifinka ne. Ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wane albashi ne ya yi irin wannan tsalle?

Sannan garin da kake ciki da mota aka auna shi. Tsarin Abuja na 1979 ya shimfiɗa manyan tituna, ya tara ofisoshi a tsakiya, tsadar haya kuma ta kora ma'aikata Kubwa, Nyanya, Lugbe da Mararaba. An hana acaɓa shiga tsakiyar gari a 2006, aka kori ƙananan bas-bas a 2013, manyan motocin da muke kira na El-Rufa'i kuwa ba su taɓa wadatar jama'a ba. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018 ya tsaya lokacin korona, sai a Mayun 2024 ya dawo. Yana zuwa Kubwa, amma ta Idu yake zagayawa, kuma sai ka hau wani abin kafin ka kai tasha. Ga fargabar 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi musu fashi. Saboda haka uwargida tana da gaskiya a kan yara, kada ka ɗauki maganarta son girma kawai.

Ɗaya maganar tata ce ta fi tsaya min a rai, wato me dangi za su ce. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, malamin firamare ne a Kano. Shekara ashirin yana tuƙa kekensa Raleigh, da babbar riga a naɗe a kafaɗa, kuma ba a taɓa rage masa ko ƙwayar girma a unguwa ba. Idan ya shigo lungu, yara har rige-rigen karɓar keken suke yi. Yau fa? Magidanci ya ajiye mota wata guda, sai a fara raɗa cewa ya karye. Mai neman aure ana leƙa abin da ya zo da shi kafin a tambayi halinsa. Na san mutumin da ya ci bashin kuɗin mai don kawai ya je ɗaurin aure ƙauyensu da mota, ya dawo gidansa babu cefane. Wannan yana min ciwo ƙwarai, domin mu muka ɗora wa kanmu shi, ba gwamnati ba.

Kuma irin wannan ɗabi'a tana sauyawa. Holan da ake misali da ita kan kekuna, a 1971 haɗarin mota ya kashe mata mutum fiye da 3,000, cikinsu yara sama da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, matsalar mai ta 1973 ta sa aka hana tuƙi ranakun Lahadi, daga nan aka shiga gina hanyoyin keke. Aikin ya ɗauki shekaru masu yawa, amma hanyar aka fara gyarawa, mutane suka biyo baya.

Kai dai yanzu kada ka sayar da gaggawa, domin kuɗin da za a ba ka ba zai sake saya maka irinta ba. Rage mata aiki. Nemi maƙwabta uku amintattu da hanyarku ta zo ɗaya, ku yi karɓa-karɓa, kowa da makonsa. Haka nan kai yara makaranta, in da hali ku haɗa da iyayen 'yan ajinsu. Gwada jirgin sau biyu a mako ka ga ko lokacinsa ya dace da naka. Ka tambayi kuɗin mayar da mota mai amfani da gas na CNG, amma ka fara duba layin da ake yi a gidan man da ke sayar da shi kusa da kai.

Ka sayi ɗan littafi, ka riƙa rubuta kuɗin mai, na makanike, na taya da na sabunta takardu har wata uku. Sai ku zauna da uwargida bayan yara sun yi barci, ka buɗe mata littafin, ku yanke shawara tare. In kun gama, ka sake rubuto min in ji yadda kuka yi.