Amsa kan gaɓoɓin kalmar automatically da inda nauyinta yake

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin tambaya ko automatically gaɓa shida ce ko biyar, da kuma wace gaɓa ake danna wa murya. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma duk shekara sai irin wannan kalma ta kayar mini da ɗalibai a takardar furuci ta WAEC.

A rubuce shida ce: au-to-mat-i-cal-ly. A baki kuwa biyar ce, domin Bature ba ya furta "a" ɗin nan da ke cikin cal. Abin da kunne zai ji shi ne o-to-MA-tik-li. Haka basically take, gaɓa uku kawai: BEI-sik-li. Ɗigon da ƙamus ke sawa tsakanin gaɓoɓi na nuna inda za a yanke kalma ne idan layi ya ƙare. Furucin yana cikin rubutun sauti da ke gefe, inda za ki ga 'yar sanda a sama gabanin gaɓar da ke ɗauke da nauyi.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce cire wutsiyar. Ki ajiye ally gefe, saura automatic. Yawancin kalmomin da suka ƙare da ic, nauyinsu na kan gaɓar da ke gabanin ic ɗin, wato MAT. To idan kin mayar da wutsiyar, nauyin na nan inda yake. Unfortunately ma haka: FOR ake dannawa kamar a fortunate, amma sau da yawa za ki ji yaranmu na jan NATE. Necessarily ce ke saɓa wa wannan, don mutane da dama, musamman a Amurka, kan mayar da nauyin kan SAR.

Abin da ke ba mu wahala shi ne Hausa karin sauti take bi, kowace gaɓa da haƙƙinta, kuma mun saba furta duk wasalin da ido ya gani. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake ɗagawa, sauran ya sassauta su. Bakinmu ba ya kasa tik-li, tunda muna cewa lakca lafiya lau.

A aji nakan sa yara su rufe littafi, su faɗi kalmar a hankali, su buga tebur sau ɗaya daidai MA. Ki gwada da dramatically da specifically yau da dare, ki dawo ki gaya mini gaɓa nawa kika ƙirga.