Tambaya da Amsa: Wa ya raɗa wa gawo sunan wani gwamna Bafaranshe?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin noma a jami'ar Maraɗi. An ce mu haddace sunayen itatuwa na kimiyya, gawo wai Faidherbia albida, kuka Adansonia digitata. Su wa suka raɗa waɗannan sunaye, kuma da wane dalili?

Amsa: Ƴata, rabin sunayen nan na mutane ne, kuma ba dukansu suka cancanta ba.

Tsarin suna biyu ya kafu ne a 1753 a hannun Carl Linnaeus, malami a Uppsala ta ƙasar Suwidin, wanda yake kula da lambun tsirrai na jami'ar garin. Shi ya sa wa kuka sunan Michel Adanson, wani saurayi Bafaranshe da ya sauka Senegal a 1749 yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai. Adanson ya sha rana ƙwarai: ya koyi Wolof, ya tara ganye da iri, ya auna kaurin manyan kukoki. Abin dariya, shi kansa bai yarda da tsarin Linnaeus ba.

Ɗorawa kuwa, Parkia, ta ci sunan Mungo Park, matafiyin da ya mutu a kogin Kwara wajen Busa a 1806.

Na gawo ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da farko Acacia albida ake ce masa, sunan da Delile ya ba shi, masanin tsirrai da ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar a 1798. A 1934 sai wani masanin tsirrai Bafaranshe, Auguste Chevalier, ya ga gawo ya bambanta da danginsa, ya ware shi, ya liƙa masa sunan Louis Faidherbe, sojan da ya yi gwamnan Senegal. Rarrabewar daidai ce, karramawar kuwa siyasar mulkin mallaka ce zalla. Manomin Gidan Rumji bai jira Chevalier ba kafin ya san gawo na kaɗe ganye da damina, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore shar, awaki su yi ta tsintar ƴaƴansa masu lanƙwasa.

Duk da haka ki haddace su. Icen da muke kira bedi, a Kano darbejiya ne, wasu su ce dogon yaro, amma Azadirachta indica ɗaya ne ko a Indiya, inda ya fito. Akwai ma wanda ya bi ta wajenmu: likita J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. In kika ɗauko ganye a daji, ki rubuta sunan kimiyya, da sunan da tsofaffin ƙauyen suka faɗa miki, da sunan ƙauyen.