Naman banda ya yi ƙwari, in yayyafa masa fiya-fiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Naman layyarmu ya yi yawa, ga wutar lantarki ba ta zama, sai na yi banda na zuba a kwali. Yau kwana 12, da na buɗe sai na ga ƙananan ƙwari da tsutsa, wasu yankan kuma sun yi fari-fari. Maƙwabciyata ta ce in ɗan yayyafa fiya-fiya, in za a dafa a wanke da ruwan zafi, wai haka masu kifi suke yi. Hankalina bai kwanta ba, yara ne ke cin naman nan. Uwargida daga Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don girman Allah kada ko ɗigo ya taɓa naman nan.

Na gaji da jin wannan magana ta "ai wanki da wuta suna kashe shi". Fiya-fiya da Sniper guba iri ɗaya ce a cikinsu, dichlorvos, maganin ƙwarin gona. Ta jijiya yake kashe ƙwaro, ta nan kuma yake kama mutum: yawu ya riƙa dalala, gumi ya karyo, ga amai da gudawa, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya sarƙe. Busasshen nama tsotsewa yake yi, musamman wurin kitse, ruwan zafi kuwa bayansa kawai zai wanke. Wanda ake haɗawa a gida a ɗura a kwalba, mai sayarwar ma bai san ƙarfinsa ba, balle ke da za ki auna da ido. Abin da babba zai ci ya sha da ƙyar, yaro ɗan shekara 3 ba zai ɗauka ba. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, amma shiga kasuwa ki gani, har yau ana talla da shi. Masu zuba shi a kwalin kifi don gudun asara su ji tsoron Allah, rayukan mutane ne a hannunsu. In kuwa wani ya riga ya ci, alamun nan suka bayyana, ban da manja, ban da madara. A wuce asibiti nan take, a tafi da kwalbar.

Danshi ne ya jawo miki ƙwari. In wuta ta yi ƙarfi, bayan nama ya ƙone ya rufe, ciki yana nan da ruwansa. Dubi masu kilishi: su fere naman ya zama falle-falle, su shanya, su tsoma a labu, su sake shanyawa, sannan ya ga wuta. Banda ma haƙuri take so, yanka sirara, gishiri, garwashi mai sanyi da hayaƙin icce irin marke ko ƙirya. Ban da katako mai fenti, ban da hura wuta da leda.

Yanzu ki zazzage kwalin a faranti. Duk wanda ya yi funfuna, ko yauƙi, ko wari, ko tsutsa ta huda, ki binne shi, kada ki ji asara. Mai kyau ki kakkaɓe, ki mayar kan waya bisa garwashi har sai kin karya kin ji ƙaras, ko ki dafa shi yau ki yi dambu. Ki rataye a kwando inda iska ke ratsawa, duk bayan kwana 3 ki sake nuna masa wuta.