Tambaya da Amsa: Auna tafiyar guduma da ƙarfin sifirin a bindigar iska

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da bindigar iska irin wadda ake ɗura wa iska a tanki. Na ɗaure sukurun sifirin ɗin gudumarta, wato ƙarfen da ke buga bawul ya saki iska, zagaye uku don ta ƙara ƙarfi, sai ga shi ƙara kawai ta ƙaru, iska kuma tana ƙarewa da wuri. Yaya zan auna tafiyar guduma da ƙarfin sifirin, in daina lalube?

AMSA: Barka kadai, Malam. Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, sauke iskar tankin tas har allurar agogon matsin iska ta kwanta a sifili. Irin wannan tanki yana ɗaukar matsin bar 200 zuwa 300, alhali tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai ce.

Tafiyar guduma ba ta da wahalar aunawa. Cire murfin baya da sifirin, ka zura wutsiyar ma'aunin kalifa (ma'aunin tsayi da zurfi na makanikai) har ta taɓa bayan guduma lokacin da take jingine da kan bawul. Rubuta. Sai ka ja gudumar baya har kunama ta kama ta, ka sake aunawa. Bambancin biyun shi ne tafiyar. Amma kula: tanki babu iska, bawul ya yi laushi, kana ɗan dannawa zai shige ciki ya ba ka lambar ƙarya. Taɓawa kawai, ban da turawa.

Shi kuwa sifirin, zura shi a siririn ƙarfe don kada ya lanƙwashe ya tsere, ka dasa shi a kan sikeli mai lambobi, ka matse shi milimita 10, sannan 20. Dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678 ta ce ƙarfin yana hawa daidai da matsewar. Idan karatun na biyu bai ninka na farko ba, sake aunawa.

Mu ɗauka naka yana ba da kilo 0.2 a kowace milimita, ya riga ya matsu milimita 10 a zaune, tafiyar guduma kuma 20 ce. To, kilo 2 ke nan a zaune, kilo 6 idan an ɗana. Tsaka-tsaki kilo 4, wajen niyuton 39 (niyuton ma'aunin ƙarfin turawa ne). Ka ninka da mita 0.02, ka samu kusan jul 0.8 (jul ma'aunin kuzari ne), wato ƙarfin bugun gudumar. Idan kowane zagayen sukurunka milimita 1 ne, zagaye ukun nan sun kai ka jul 0.9.

To me ya sa harsashi bai ƙara gudu ba? Guduma ba ta tura harsashi. Bawul take bugawa ya buɗe na ɗan ƙiftawa. Akwai iyakar da idan an kai ta, harsashi ya riga ya yi nisa a bututu, iskar da ta biyo baya ba ta cim masa, sai dai ta fito da kururuwa. Wani lokaci ma gudumar kan yi tsalle ta sake buga bawul bayan harsashi ya fice. Ina kyautata zaton can ka tura taka.

Shi ya sa ni ban yarda da lissafin takarda shi kaɗai ba. Nemi na'urar auna gudun harsashi. Haɗa bindigar, ka ɗura iska, ka sassauta sukurun, ka riƙa ƙara rabin zagaye, kana harba uku ko biyar da harsashi iri ɗaya kana rubutawa. Inda gudu ya daina hawa, koma baya har ya sauka da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Nan za ka ji ƙarar ta kwanta, tanki kuma ya daɗe.

Ka kuma duba dokar inda kake. A Jamus jul 7.5 na ƙarfin harsashi ne iyakar wadda ba ta buƙatar lasisi, a Ingila kimanin jul 16 ga doguwar bindiga, kuma 'yan zagayen sukuru sun isa su tsallakar da kai.