Poker wasan motsa jiki ne ko caca?

Malam, kai da ka tambaya ko poker yana cikin wasanni irin su ƙwallo, ni dai a ganina a'a, amma ba zallar sa'a ba ce kamar yadda wasu ke cewa. A Texas Hold'em, wani nau'in wasan karta na poker, kati 2 ake ba ka a rufe, a buɗe 5 a tsakiyar tebur, sauran aikin lissafi ne da karanta fuskar abokin wasa, mutum hannunsa ba komai amma ya tura kuɗi da ƙarfin hali har mai kati mai kyau ya tsorata ya ajiye nasa.

Masu cewa wasa ne suna kafa hujja da gasar duniya ta Las Vegas da aka fara tun 1970, tashar talabijin ta wasanni ESPN ma ta sha nunawa. To amma fa a 2003 wani akanta, Chris Moneymaker, wanda ya samu gurbi ta intanet shi ya lashe dala miliyan 2.5 a gaban ƙwararru, yaushe ɗan koyo zai yi wa zakaran ces (wato chess, wasa mai kama da dara) haka? Kwamitin Olamfik ya amince da ces, poker kuwa bai amince ba. Kuma kujerar babbar gasar dala 10,000 ce, idan aka cinye ka ta tafi, a wajenmu sunan wannan caca.