Zan iya yi wa kwamfuta shifta ba tare da intanet ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Mile 12, nan Legas. Kullum ina cikin rubuta wasiƙu da rahoton taro, ga hannuna ba sauri, ga data ta yi tsada. Akwai yadda zan riƙa magana kwamfutata ta tebur tana rubutawa ba da intanet ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Akwai, amma ya danganta da harshen da za ka yi magana da shi.

In Turanci ne, abin da sauƙi. Windows 11, daga sabuntawar 22H2 ta shekarar 2022, na da Voice Access, wata manhaja mai rubuta abin da ka faɗa. Shiga Settings, sai Accessibility, sai Speech, ka kunna shi. Karon farko kawai zai nemi intanet ya sauke fayil ɗin harshe, daga nan ko babu intanet zai yi aiki. Kada ka rikita shi da ɗaya hanyar shiftar, ta danna maɓallin Windows da H, wannan sai da intanet, don can waje yake aika muryarka.

Hausa ce ke da wuya, kuma abin na damuna. Voice Access bai san ta ba. Whisper, wani tsarin mayar da magana rubutu wanda kamfanin OpenAI ya fitar a Satumbar 2022, yana da Hausa cikin harsunansa kusan 100, kuma manhajar Buzz kyauta tana tafiyar da shi a kan kwamfutarka. Ƙaramin samfurinsa bai kai megabait 100 ba, babban kuwa ya kusa gigabait 3, kuma yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Ka ɗauki babban in injinka zai iya. Ko shi ma yakan haɗiye ƙ da ɗ da ɓ, ya jirkita sunayen mutane da na garuruwa, saboda Hausar da aka koya masa kaɗan ce. Don haka duk rahoton da ya shafi kuɗin 'yan ƙungiya, ka bi shi layi-layi kafin ka sa hannu.

Sannan ka kula da makirfo. A ofishin da janareta ke ruri a bakin taga, masu dako na kiran juna, babu manhajar da za ta ji ka da kyau. Ka je Computer Village a Ikeja ka sayi abin sawa a kunne mai makirfo na USB, ka ajiye shi kusa da baki, ka rufe ƙofa, ka yi magana a tsanake.